Darasi na 7: Caca Ta Sake Riga

Karatu: Littafin Mahukunta 14:10-20, 1 Timoti 6:6-10
Ayar haddacewa: Ibraniyawa 13:5
Manufa: Mu san sababbin hanyoyin caca da suka shigo ta wayar hannu, mu gane yadda suke aiki, mu kuma auna su da Maganar Allah.

GABATARWA



A shekarar 2025 wani shafin intanet mai suna Polymarket ya buɗe caca a kan wannan tambaya: ko Yesu Kristi zai dawo kafin shekarar ta ƙare? Mutane suka zuba kuɗi, waɗansu a kan "zai dawo", mafi yawa a kan "ba zai dawo ba". Akwai lokacin da farashin ya nuna kusan kashi 3 cikin 100 na yiwuwar dawowarsa. Da ranar 31 ga Disamba ta wuce, masu "ba zai dawo ba" suka karɓi ribarsu.

Ranar da muke jira da azumi da addu'a, ranar da Ubangiji da kansa ya faɗa cewa ko mala'iku ba su san ta ba (Matiyu 24:36), ita ce aka sa wa farashi kamar buhun masara a kasuwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa cacar da iyayenmu suka sani, ta karta a ƙarƙashin bishiya da ta ƙuri'ar lambobi, ta sake riga. Yanzu tana cikin aljihun kowa, tana kwana a ƙarƙashin matashin kai, tana kuma shigowa sujada tare da mu.

1. ABUBUWAN DA AKE CACA A KANSU YANZU

(a) Kasuwannin hasashe. Manyan biyu su ne Kalshi, wanda aka kafa a 2018, da Polymarket, wanda aka kafa a 2020, dukansu a Amurka. Ga yadda suke aiki: ana rubuta tambaya mai amsar "i" ko "a'a". Kana sayen amsar da ka zaɓa a kan farashin da ke tsakanin santi 1 da santi 99. In amsarka ta fito daidai, a biya ka dala 1 a kan kowane kaso da ka saya. In ba ta fito ba, kuɗinka ya tafi ga wanda ya zaɓi ɗaya gefen. Polymarket yana amfani da kuɗin kirifto, shi ya sa iyakar ƙasa ba ta cika tare shi ba.

A zaɓen shugaban Amurka na 2024, an juya fiye da dala biliyan 3 a wannan shafi a kan wanda zai ci tsakanin Donald Trump da Kamala Harris. Da Fafaroma Francis ya rasu a ranar 21 ga Afrilu 2025, nan da nan aka buɗe caca a kan wanda zai gaje shi. Yawancin masu caca suka raja'a ga Kadinal Pietro Parolin. Ranar 8 ga Mayu sai aka zaɓi Robert Prevost, wanda ya zama Leo na 14, mutumin da 'yan caca kaɗan ne suka kula da sunansa. Ana caca a kan zafin rana da za a yi gobe a birnin New York. Ana caca a kan ko wani shugaba zai furta wata kalma a cikin jawabinsa. A tsakiyar 2025 an zuba fiye da dala miliyan 100 a kan ko shugaban Yukren, Zelenski, zai sa kwat. Da ya fito da wata baƙar riga, sai gardama ta kaure a kan ko kwat ce ko ba kwat ba ce.

(b) Caca a kan masifa. A watan Yunin 2023 wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Titan ya ɓace a Tekun Atlantika da mutum 5 a ciki, suna kan hanyar ganin ɓaraguzan jirgin Titanic. Iyalansu suna kuka, a intanet kuwa ana caca a kan ko za a same shi kafin rana kaza. Dukan mutanen 5 sun mutu. A watan Janairun 2025, sa'ad da gobarar daji take cinye gidajen mutane a Los Anjeles, an yi caca a kan faɗin filin da wutar za ta ƙone. Haka ma ana yi a kan yaƙe-yaƙe: yaushe za a kai hari, wane gari ne zai faɗi.

(c) Ƙananan abubuwa a cikin wasa. Dā sai a jira minti 90 a ga wanda ya ci ƙwallo. Yanzu ana caca a kan wanda zai fara samun katin gargaɗi, da yawan bugun kwana, da wanda zai yi jifa na gaba. A wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka da ake kira Super Bowl, ana caca a kan tsawon lokacin da mawaƙi zai ɗauka yana rera taken ƙasa, har da launin lemon da 'yan wasa za su kwarara wa kocinsu a ka in sun yi nasara.

(d) Wasannin da kwamfuta ke ƙagawa. Wannan ne ya fi kama matasanmu. Akwai ƙwallon da babu ɗan wasa ko ɗaya mai numfashi a cikinta, kwamfuta ce take zana 'yan wasan, ita ce kuma take fitar da sakamako, kowane wasa cikin 'yan mintoci, dare da rana. Akwai kuma wasan jirgi irin su Aviator: jirgi yana tashi a fuskar waya, kuɗinka yana ninkuwa, sai ka danna ka cire kafin jirgin ya ɓace. In ka makara da ƙiftawar ido, komai ya tafi.

2. LISSAFIN DA BA A NUNA MAKA

Ɗan'uwa, ɗauki biro mu yi lissafi tare.

A ce mutum biyu sun yi caca a kan jefa kwabo, kowa ya sa naira 1,000. Kamfani ya yi alkawarin biyan 1.90 a kan kowace naira. Wanda ya ci zai karɓi naira 1,900. Kamfani ya karɓi 2,000, ya biya 1,900, ya riƙe 100. Ko wane gefe kwabon ya faɗi, kamfani bai yi asara ba.

A ce kuma ka haɗa wasanni 10 a tikiti ɗaya, kowane wasa damar cinsa rabi da rabi ce. Damar dukansu su fito daidai ita ce 1 cikin 1,024. Shi ya sa kullum za ka ji saurayi yana cewa, "Wasa ɗaya ne kawai ya ɓata mini tikiti." Haka aka tsara abin. Wannan "saura kaɗan" ita ce ƙugiyar da take dawo da shi gobe.

Wasan jirgin nan yana tallar cewa yana mayar wa 'yan wasa naira 97 cikin kowace 100 in an daɗe ana bugawa. Da jin haka sai ka ce ai asarar kaɗan ce. Amma zagaye ɗaya daƙiƙu ne kawai. Wanda ya sa naira 1,000 sau 100 a dare ɗaya ya juya naira 100,000, bisa lissafin kamfanin kansa kuwa ya bar musu kimanin 3,000. Gobe ma haka, jibi ma haka.

A kasuwannin hasashe kuma akwai wata matsala: wani ya riga ka sanin amsar. A watan Oktoban 2025, sa'o'i kaɗan kafin a sanar da cewa Maria Corina Machado ta ƙasar Benezuwela ce ta ci kyautar Nobel ta zaman lafiya, kuɗi ya kwararo a kan sunanta a Polymarket ba zato ba tsammani, har masu ba da kyautar suka ce za su bincika ko asirinsu ne ya fita. Kai da kake zaune da wayarka kana zato, da irin waɗannan mutane kake karawa.

3. CACAR SAMSON

Karatunmu na yau ya nuna cewa caca a kan abu na ban mamaki ba yau ta fara ba. Samson yana bikin aurensa a Timna, biki na kwana 7, aka kawo masa samari 30 na Filistiyawa su zauna da shi. Sai ya kawo musu kacici-kacici, ya sa sharaɗi: in sun ba da amsa kafin bikin ya ƙare, zai ba su rigunan lilin 30 da tufafin ado 30. In sun kasa, su ne za su ba shi. Mu lura da abubuwa huɗu.

Na fari, abin ya soma kamar wasa. Ana ci ana sha, ana raha. Babu wanda ya zo bikin da niyyar zub da jini. Haka matasanmu suke cewa, "Naira 100 ce kawai, don wasan ya yi daɗin kallo."

Na biyu, gefe ɗaya ne ya san amsar. Kacici-kacicin ya fito daga zakin da Samson ya kashe da zumar da ya ɗiba daga gawarsa, abin da ko iyayensa bai faɗa musu ba. Samarin nan 30 sun shiga cacar da ba yadda za su ci ta da gaskiya.

Na uku, tsoron asara ya haifi mugunta. Da suka ga za su rasa tufafi, sai suka tsare amarya, suka ce za su ƙone ta da gidan mahaifinta in ba ta samo musu amsar ba. Matar da ba ta sa ko zare a cacar ba, ita ce ta yi ta kuka har bikin ya ƙare. Har yau haka yake. Miji ya buga, mata ta yi kuka. Ɗa ya buga, uwa ta sayar da akuya.

Na huɗu, wanda bai ji ba bai gani ba shi ya biya bashin. Samson ya gangara Ashkelon, ya kashe mutum 30, ya tuɓe tufafinsu ya biya. Ya koma gidan mahaifinsa da fushi, aka ba da matarsa ga abokin ango. In ka ci gaba zuwa sura 15, za ka ga cewa a ƙarshe an ƙone matar da mahaifinta da wuta.

Gaskiya ne aya ta 4 ta nuna cewa Allah yana neman hanyar hukunta Filistiyawa, ya kuwa yi amfani da wannan al'amari. Amma Allah ya yi amfani da cin amanar 'yan'uwan Yusufu ma, wannan bai mai da sayar da ɗan'uwa abu mai kyau ba. Samson ya shiga biki a matsayin ango, ya fita ba mata.

4. ABIN DA MAGANAR ALLAH TA KOYA

Wani zai ce, "Nuna mini ayar da ta ambaci caca a waya." Babu ita, kamar yadda babu ayar da ta ambaci hodar ibilis. Amma akwai ƙa'idodin da ba su canzawa.

Son arzikin gaggawa tarko ne. A 1 Timoti 6:9-10 Manzo Bulus ya kwatanta masu ƙosawa su yi arziki da dabbar da ta faɗa tarko, ya kuma ce son kuɗi ya janye waɗansu daga bangaskiya. Karin Magana 13:11 ta bambanta dukiyar da ta zo a sama, wadda take zurarewa, da wadda aka tara kaɗan-kaɗan da aikin hannu. Hausawa ma sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ribar caca asarar maƙwabci ce. Manomi ya samu, mai saye ma ya samu abinci. Tela ya samu, kai ma ka sa riga. A caca ba a noma komai, ba a ɗinka komai. Kuɗin da ka ci ya fito daga aljihun waɗanda suka faɗi, wataƙila kuɗin makarantar wani yaro ne. Afisawa 4:28 ta kira mu mu yi aiki da hannunmu domin mu sami abin ba mabukata.

Caca a kan masifa tana kangarar da zuciya. Wanda ya sa kuɗi a kan cewa gobara za ta yi faɗi, me zuciyarsa za ta so in ya ji iska ta tashi? Romawa 12:15 ta ce mu taya masu kuka kuka, Karin Magana 17:5 kuwa ta yi kashedi ga mai murna da masifar wani. A gindin gicciye, Ubangijinmu yana zub da jini, sojoji suna jefa ƙuri'a a kan rigarsa (Yohanna 19:23-24). Kada a same mu a cikin sahunsu.

Gobe ta Allah ce. Yakubu 4:13-15 ya tsauta wa masu magana a kan gobe kamar tana hannunsu. Ishaya 65:11 ya yi magana a kan waɗanda suka rabu da Ubangiji suka shirya wa gunkin sa'a teburi. Game da cacar dawowar Yesu, da yawa daga masu sayen "zai dawo" ba jiransa suke yi ba, suna jiran farashi ya hau ne su sayar. Ko da akwai mai gaskatawa a cikinsu, sai mu tambaye shi: in ƙaho ya yi ƙara, a wane banki za ka karɓi dalarka? Manzo Bitrus ya riga ya faɗa cewa masu ba'a za su zo a kwanakin ƙarshe suna yi wa alkawarin zuwansa dariya (2 Bitrus 3:3-4).

5. HUJJOJIN DA MUKE JI

"Ba caca ba ce, kasuwanci ne." Masu kasuwannin hasashe sun fi son a kira su 'yan kasuwa. Ka tambayi kanka: me na saya da zan iya riƙewa, ko in ci, ko in yi aiki da shi? In amsar ita ce babu, sai jiran abin da ba ka da iko a kansa, to canza suna bai canza abin ba.

"Doka ta yarda." Dokar mutum tana juyawa. A 2022 hukumar Amurka ta ci tarar Polymarket dala miliyan 1.4. A 2024 kuma kotu a can ta bar Kalshi ya buɗe caca a kan zaɓe. A Najeriya, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwamban 2024 cewa jihohi ne suke da ikon tsara harkar caca, don haka abin da wata jiha ta yarda da shi wata tana iya hanawa. Mai bi yana da ma'aunin da ya fi wannan: 1 Korintiyawa 6:12 ta koya mana kada mu bar wani abu ya mallake mu, ko da an halatta shi.

"Ai manzanni ma sun jefa ƙuri'a." Sun jefa, a Ayyukan Manzanni 1:26, bayan addu'a, domin zaɓen Matiyas. Babu wanda ya sa kuɗi, babu wanda ya yi asara. Bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki a sura 2, ba mu ƙara karanta cewa ikkilisiya ta jefa ƙuri'a ba.

"Allah ya nuna mini lambobi a mafarki." A nan sai mu yi hankali ƙwarai, mu da muka gaskata da annabci da wahayi. Ruhu Mai Tsarki yana ba da baye-baye domin gina ikkilisiya. Ba ya ba da sakamakon ƙwallo. Ruhun da yake faɗin gaibu domin a sami kuɗi, mun gamu da shi a Ayyukan Manzanni 16:16-18, Bulus kuwa fitar da shi ya yi. Duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi ya yi maka addu'a a kan tikiti, ko ya sayar maka da "tabbataccen wasa", ka guje shi.

6. SHAIDA

Bayan wata addu'ar dare, wani saurayi da yake riƙe da kuɗin zumuntar matasa ya tsaya har kowa ya watse. Ya ce, "Baba, ina da magana, amma ina jin kunya." Na ce, "Zauna, ɗana."

Ya soma da naira 200 a ƙwallon kwamfuta. A makon farko ya ci 18,000, har ya fitar da zakka daga ciki, yana ganin Allah ne ya buɗe masa ƙofa. Cikin wata huɗu kuɗin makarantarsa ya tafi. Sai ya taɓa kuɗin kujerun da matasa suke tarawa, naira 85,000, da niyyar ya ninka ya mayar kafin a tambaya. Ya ce mini ko a lokacin wa'azi wayar tana kan cinyarsa, yana duba sakamako.

Muka yi addu'a, ya yi kuka, ya tuba. Amma ban sallame shi da addu'a kaɗai ba. Washegari muka je wurin shugaban matasa ya faɗi gaskiya da bakinsa. Ya sauka daga riƙon kuɗi. Ya goge manhajojin a gabanmu, ya ba yayansa katin bankinsa. Ya biya bashin cikin wata bakwai daga aikin gyaran waya. Sau ɗaya ya sake faɗuwa, amma a daren ya kira ni, bai ɓoye ba. Yau yana tsaye. Yabo ga Ubangiji!

7. MATAKAN FITA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca a cikin jerin cututtukan da take ganewa. Saboda haka kada mu yi wa wanda ya kamu dariya, kada shi ma ya ɗauka zai fita shi kaɗai.

i. Ka kira abin da sunansa a gaban Allah, ka tuba (1 Yohanna 1:9).
ii. Ka faɗa wa mutum ɗaya mai tsoron Allah: fasto, dattijo, mijinki ko matarka (Yakubu 5:16).
iii. Ka goge manhajojin, ka rufe asusun, ka fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram masu raba wasanni.
iv. Ka ba amintacce riƙon kuɗinka na ɗan lokaci.
v. Kada ka bi kuɗin da ya tafi. Garin neman gira ake rasa ido.
vi. Ka rubuta bashin da ke kanka, ka soma biya ko da kaɗan-kaɗan.
vii. In ba ka iya barci, ko tunanin hallaka kanka yana zuwa maka, ka gaya wa wani yau, a raka ka wurin likita.

Iyaye, ku san abin da ke cikin wayar 'ya'yanku. Shugabannin zumunta, kada a bar kuɗin ikkilisiya a hannun mutum ɗaya ba mai dubawa.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. A labarin Samson, su wane ne suka sha wahala alhali ba su shiga cacar ba? Su wane ne irinsu a gidajenmu yau?
2. Mene ne bambancin manomin da ya shuka bai san yadda damina za ta kasance ba, da mai caca a kan ruwan sama?
3. Ya kamata ikkilisiya ta karɓi zakka ko baiko daga kuɗin caca? Ba da dalili daga Littafi Mai Tsarki.
4. Yaya za mu taimaki ɗan'uwan da ya faɗi ba tare da mun kunyata shi ba? Dubi Galatiyawa 6:1-2.

ABUBUWAN ADDU'A

• Ya Uba, ka gafarta mini inda na dogara ga sa'a maimakon in dogara gare ka.
• Kowace sarƙar caca da ta ɗaure ni ko wani a gidana, ta tsinke a cikin sunan Yesu.
• Ya Ruhu Mai Tsarki, ka koya mini gamsuwa da abin da nake da shi, ka sa albarka a aikin hannuna.
• Ya Ubangiji, ka buɗe wa matasanmu ƙofofin aiki da sana'a, ka ta'azantar da iyalan da caca ta jefa cikin bashi.
• Ka same ni a faɗake, da hannu mai tsabta, a ranar dawowarka. A cikin sunan Yesu Kristi. Amin.